PSA ya fito a jinin mace: kuskuren na'ura ne ko da gaske ne?

Mai Awon Jini ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malamai, tambayata a kan PSA ce, sinadarin nan da ake aunawa a jinin maza don bin sawun sankarar furostet, jakar ruwan nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Abin da yawancinmu muka taso da shi shi ne mace ba ta da furostet, saboda haka babu abin da zai kawo PSA a jikinta. To ga misali: an kawo jinin mace mai shekara 41, PSA na cikin gwaje-gwajen da aka rubuta mata, na'ura ta ba da 0.8 ng/mL, wato nanogiram a kowane mililita. Takardar sakamako iyakar maza take ɗauke da ita, wato 4.0, don haka kwamfuta ba ta yi masa jan layi ba, ta bar shi a matsayin lafiya lau.

Shin 0.8 a jinin mace abu ne mai yiwuwa, ko kuwa dole kuskure ne? Idan kuskure ake zargi, ta ina ake farawa kafin a saki sakamakon? Sannan in fitsari ne ko audugar da aka ɗauko daga gaban mace, hukuncin ɗaya ne da na jini? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ɗan Lab ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka saki wannan sakamakon tukuna. Mace tana da PSA, wannan gaskiya ne, amma ba irin wannan adadin ba. A jinin mace lafiyayya yawanci bai kai 0.01 ng/mL ba, sau da yawa ma na'urar yau da kullum ba ta iya ganinsa, sai masu kaifin da ke sauka zuwa wajen 0.003. Kenan 0.8 ya ninka abin da ake tsammani sau tamanin ko fiye. Iyakar 4.0 ba ta da wata alaƙa da mace. A kan maza aka gina ta, kuma kwamfutar da ta ce lafiya lau ba ta san abin da take faɗa ba.

Abin da ya fi kawo irin wannan lamba shi ne jinin ba nata ba ne. Duba 0.8 ɗin da kyau: adadin namiji lafiyayye ne mai matsakaicin shekaru. Saboda haka kafin ka taɓa na'ura, ɗauko kwalbar asali, ba wadda aka zuba a ƙaramin kofi ba, ka gwada suna da lamba da na takardar buƙata, ka ga wa aka ɗiba kafin ta da kuma bayan ta. Idan akwai sauran gwaje-gwaje a kwalbar, su ma shaida ne. Testosteron (homon ɗin maza) da ya kai na namiji, ko kiriyatinin (ma'aunin aikin ƙoda) da ya yi nisa da sakamakonta na baya ba tare da dalili ba, duk suna nuna an yi musanya. Kuma ka tuna musanya tana da ɓangare biyu: akwai namijin da zai karɓi sakamakon da ya ce PSA ɗinsa bai ganuwa, alhali ba jininsa aka auna ba. Wannan ya fi haɗari.

Na biyu, ragowar samfurin baya. Duba jerin aikin ranar ka ga abin da allurar na'ura ta tsotsa kafin nata. Mai sankarar da ta bazu zuwa ƙashi yana iya kai 5,000 ng/mL. Idan kashi 0.01 cikin 100 kacal ya maƙale a allura, lissafin ya ba ka 0.5 a samfurin da ke biye. A jinin namiji wannan ba zai ja hankalin kowa ba, a na mace kuwa shi ne dukan sakamakon. Gwada shi ba wuya: saka mai yawa sau uku a jere, ka bi shi da mai kaɗan sau uku. Cire na uku na mai kaɗan daga na farkonsa, ka raba da bambancin da ke tsakanin na uku na mai yawa da na uku na mai kaɗan, ka ninka da 100. Na'urorin da ke canza bakin tsotso a kowane samfur sun fi tsira daga wannan, amma in an fara ɗibar kwalbar a na'urar sinadarai mai allura ɗaya kafin a kai ta ta PSA, gurɓatar tana iya shiga tun can.

Na uku, daskararren zaren jini. Idan aka juya kwalba a na'urar da ke raba ruwan jini da ƙwayoyinsa kafin jinin ya gama daskarewa, wato kafin minti 30, ko kuma mai jinin tana shan maganin tsinka jini, ƙananan zaruruwa na ci gaba da fitowa cikin ruwan, su maƙale a ƙwayoyin gwajin, wankin na'ura ya kasa fitar da su, sai sigina ta tashi. Alamar wannan ita ce ba ya maimaituwa. Sake juya ruwan minti 10 a kan ƙarfin juyi 1,500 zuwa 2,000 g, ka sake aunawa. In ya faɗo ƙasa, ka samu ɓarawon.

Idan duk wannan ya wuce kuma lambar tana nan daram, sai a koma kan antibodin da ke jikin matar, wato sinadaran garkuwar jiki da ke kama baƙon abu. Gwajin PSA antibodi biyu ne ke kama sinadarin ta gefe biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ba da haske, kuma galibi daga ɓera ake samar da su. Wasu mutane jininsu na ɗauke da antibodin da ke manne wa na dabba, sai ya haɗa biyun nan ya zama gada tsakaninsu ba tare da PSA ko ɗigo ba. Masu ciwon sanyin gaɓoɓi da ke da antibodin nan da ake kira RF mai yawa ma haka. Hanya uku ake bi a kama shi. A sirka ruwan jinin da ruwan sirki na kamfanin: rabi da rabi ya kamata ya ba da kusan 0.4, kashi ɗaya cikin huɗu kusan 0.2, in ka ninka baya ka ga ya fita daga kashi 80 zuwa 120 cikin 100 na asali, akwai matsala. A saka rabin mililita a kwalbar toshe irin waɗannan antibodi, a bar shi awa ɗaya, a sake aunawa. A kuma tura wani kaso zuwa na'urar wani kamfani dabam. Wannan ta ƙarshen ta fi ƙarfi a wurina, domin sirki wani lokaci yakan tafi daidai ko da ƙarya ce. Sai dai kada bambancin kashi 20 cikin 100 ya ruɗe ka: na'urar da aka saita da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya takan ba da ƙasa da wadda aka saita da na kamfanin Hybritech da kusan haka, 4.0 a can yakan zama kusan 3.1 a nan. Abin da kake nema shi ne 0.8 ya koma ba ya ganuwa.

Wani zai ce maka biyotin ne, ƙwayar nan da mata ke sha don gashi da farce. Ba shi ba ne. A irin wannan gwajin biyotin rage sakamako yake yi, ba ƙarawa ba.

Bayan duk wannan, a sake ɗibar sabon jini, a rubuta suna a gabanta.

Likitar Mata ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, kuma na yarda kuskure ake fara nema. Amma ina so in ja hankali kada a tsaya nan, a ce tunda mace ce sai a goge lambar a wuce. Idan sabon jini a na'ura ta biyu ya sake ba da 0.8, wannan sakamako ne na gaske, kuma likitan da ya turo yana bukatar a kira shi a waya, ba a bar shi da takardar da ke cewa komai daidai ba.

Sunan ne ya yaudare mu. PSA ba na furostet kaɗai ba ne. Ƙwayar gadon da ke yin sa, KLK3, tana kan kuromosom na 19, kuma kowa na da ita, mace da namiji. Abin da ke kunna ta shi ne homon ɗin maza, sai kuma dangin furojesteron, wani homon na mata. A jikin mace, wurin da ya fi yin sa shi ne jakunkunan Skene, ƙananan jakunkunan ruwa da ke kewaye da ƙarshen bututun fitsari, waɗanda Alexander Skene ya bayyana a 1880. Daga tushe ɗaya suka fito da furostet tun a cikin mahaifa, shi ya sa masana ƙirar jiki ke kiran su furostet ɗin mace. Nono ma yana yi: ana samun sa a ruwan nono, musamman kwanakin farko bayan haihuwa, da ruwan ƙululun nono, da ruwan da jariri ke kwance ciki, da kuma jakunkunan yawu.

Yadda nake karanta lambar shi ne da girmanta. Ƙarin da homon ke kawowa ƙarami ne. Mai PCOS (matsalar ƙwan mahaifa da ke ƙara homon ɗin maza), mai fitar gashi a haɓa da ƙirji, mai amfani da testosteron ko wasu magungunan tsarin iyali masu furojestin, za ka ga nata ya ɗaga sama da na sauran mata, amma a ƙananan lambobi ake magana, irin su 0.02 ko 0.05. Yakan kuma ɗan motsa da zagayen al'ada da juna biyu. Da wuya homon kaɗai ya kai mace 0.8, sai in adadinsa ya kai na namiji, kamar mai shan magungunan gina tsoka, ko mai ƙari a ƙwan mahaifa ko a jakar da ke saman ƙoda da ke zubo homon ɗin maza. Saboda haka tambayoyin farko su ne me take sha, me take shafawa, muryarta ta canza, al'adarta ta ɗauke. Sannan a auna testosteron da wasu homon biyu, DHEAS da 17-OHP. Na ƙarshen saboda matan da aka haifa da matsalar jakar saman ƙoda, waɗanda homon ɗin maza ya yi musu yawa tun suna ciki; a wasunsu jakunkunan nan kan girma har su yi kama da furostet sosai.

In homon bai bayyana lamarin ba, a duba bututun fitsari. Akwai sankarar jakunkunan Skene. Ba kasafai ake ganin ta ba, amma tana ɗaga PSA zuwa adadin maza ko sama, kuma yana faɗuwa bayan an cire ta, ya sake tashi in ta dawo, daidai yadda ake bin sawun namiji. Alamunta jini a fitsari, wahalar fitsari, ko ƙulli da ake ji a bangon gaba na farji. Gwaji da hannu, hoton MRI na ƙugu, da leƙa mafitsara da madubi su ne matakan. Idan an yanko tsoka, likitan tsoka zai yi mata rinin PSA da PSAP da NKX3.1, alamomin da ke nuna tsoka irin ta furostet ce. Kumburi ko ƙululun jakunkunan ma yana iya ɗaga shi ba tare da sankara ba, don haka kada a tsoratar da mace da kalmar daji kafin a gani.

Game da sankarar nono, Eleftherios Diamandis da abokan aikinsa a Toronto sun nuna tun shekarun 1990 cewa kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarin nono suna ɗauke da PSA a cikin tsokarsu, galibi waɗanda ke amsa homon. An yi fatan zai zama abin gano cutar, bai zama ba. Adadin da ke jinin masu cutar da na marasa ita sun cakuɗe da juna, ba a iya jan layi a tsakani. Duk wanda ya rubuta wa mace PSA don ya gano ko tana da sankarar nono ɓata jini ya yi, kuma sakamako mai kyau ba ya hana a duba nonon ko a ɗauki hotonsa.

Mai Awon Jini ya sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Dakta. Saura batun fitsari da auduga. Idan jakunkunan Skene a bakin hanyar fitsari suke zuba, ashe katin da ake gano maniyyi da shi zai iya nuna layi biyu ko da babu maniyyin?

Mai Binciken Shaida ya amsa:

Tambayar tana kan hanya, ɗan'uwa, kuma lauyoyi na yin ta a kotu. Amsar tana cikin tazarar lambobin. A maniyyi PSA yana kaiwa 0.5 zuwa 2 miligiram a kowane mililita, wato miligiram ɗaya daidai yake da nanogiram miliyan ɗaya. Aikinsa can shi ne narkar da maniyyin bayan ya daskare. Ɗigon mikrolita ɗaya ya faɗa cikin fitsari mililita 10, ka samu 100 ng/mL. Shi ya sa a ɓangarenmu, inda ake kiran sa p30 tun aikin George Sensabaugh na 1978, ake dogaro da shi, musamman a shari'ar fyade inda namijin ba ya fitar da ƙwayoyin haihuwa ko an ɗaure masa bututu, madubi bai ga komai ba amma PSA na nan.

Katunan da aka fi sani, irin su ABAcard p30 da na Seratec, suna fara nuna layi daga wajen 1 zuwa 4 ng/mL gwargwadon kamfani. Ruwan farjin macen da ba ta sadu da namiji ba, bayan an jiƙa audugar an sirka, galibi ƙasa da 1 yake, don haka ba ya tayar da layi. Na ce galibi, ban ce kullum ba. Ruwan da wasu mata ke fitarwa daga jakunkunan Skene lokacin sha'awa yana da PSA mai dama, fitsarin mace ma wani lokaci yakan ɗauko kaɗan, haka ruwan nonon mai jego. Fitsarin namiji kuwa yana tayar da katin kai tsaye. Saboda haka layi mai dishi-dishi shi kaɗai ba hujjar maniyyi ba ce, kuma rahoton da ya dace cewa zai yi an samu PSA, abin da ke nuni ga yiwuwar maniyyi. Tabbaci yana zuwa ne daga ganin ƙwayoyin maniyyi a madubi da rinin da ke mai da kai ja, wutsiya kore, ko gwajin semenojelin, wani sinadarin maniyyi, ko DNA na kuromosom Y.

Yadda ake yi: a yanki kashi ɗaya cikin huɗu na audugar, a jiƙa a ruwan jiƙo na katin, rabin mililita ko ƙasa, na tsawon lokacin da takardarsa ta ce. A juya. Abin da ya kwanta a ƙasa na madubi ne da DNA, kada a zubar. Daga ruwan sama a ɗiga mikrolita 120 zuwa 200 gwargwadon katin, a karanta a minti 10 cif. Layin da ya fito bayan minti 10 ba a lissafa shi, kuma in layin tabbatar da aikin kati bai fito ba, gwajin ya lalace gaba ɗaya. A gwada kuma wani yanki na tufafin da babu tabo a kansa, domin sabulu, ruwa mai tsami sosai, da wasu man shafawa na kwaroron roba kan jawo layin ƙarya.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne na cunkoso. Idan PSA ya yi yawa ƙwarai, PSA ɗin da bai ɗauki launin katin ba yakan riga wanda ya ɗauka cika gurbin layin, sai katin ya nuna babu, alhali samfurin cike yake da maniyyi. Duk lokacin da gwajin asid fosfatas, wani sinadari da ke da yawa a maniyyi, ya yi shuni da sauri amma kati ya ce babu, a sirka ruwan 1 cikin 100, da 1 cikin 1,000, a sake.

Lokaci ma yana cin shaidar. A cikin farji PSA na raguwa da sauri. Bayan awa 24 ya yi ƙasa sosai, zuwa awa 48 yawanci ya koma yadda yake, alhali ƙwayoyin maniyyi na iya kai kwana biyar ko fiye. Wanka, fitsari da jinin al'ada na ƙara gaggauta shi. Rashin samun sa ba ya nufin ba a taɓa ta ba. Auduga kuwa a shanya ta a iska ta bushe, a saka a ambulan na takarda. Leda tana riƙe danshi, ƙwayoyin cuta su cinye sinadarin. Busasshen tabo a tufafi yana iya riƙe shi shekaru.

Tsohon Ɗan Lab ya ƙara da cewa:

Ƙari kaɗan a kan fitsari, tunda ka ambace shi. Na'urar jini ba a tantance ta da fitsari ko ruwan auduga ba. Gishiri da tsamin fitsari suna canza yadda antibodi ke kamawa, kuma PSA ɗin da ke cikinsu kusan duka sakakke ne, ba kamar na jini ba da yawancinsa ke ɗaure da wani furotin da ake kira ACT. In dole sai an auna, a sirka da ruwan sirkin kamfani aƙalla 1 cikin 10, a zuba sanannen adadi a wani kaso a ga nawa ya dawo, a kuma rubuta a sakamakon cewa hanyar ba tantatacciya ba ce. Kada a saka ruwan da ake zargin akwai maniyyi a cikinsa kai tsaye a na'ura. Nanogiram miliyan ɗaya a mililita in ya taɓa allura zai ɓata samfuran da ke biye.

Sai wata al'ada da nake ƙi: ɗaukar ruwan jinin mata a matsayin sifili wajen gwada mafi ƙarancin adadin da na'ura ke iya gani. Ga tsofaffin gwaje-gwajen da ke tsayawa a 0.1 babu laifi. Ga masu kaifi kuwa, jinin mace ɗaya mai PCOS a cikin haɗin ya isa ya ɗaga sifilin naka, sai iyakar da ka lissafo ta fito sama da gaskiya, kuma waɗanda za su cutu su ne mazan da aka cire wa furostet, da ake bin 0.01 da 0.03 ɗinsu wata-wata. A auna kowace kwalba ita kaɗai kafin a haɗa, a ware masu sigina, a yi awo 60 na sifili a ranaku daban-daban, sannan a ɗauki matsakaici a ƙara 1.645 sau karkacewar awon. In za a ajiye samfurin matar don turawa wani wuri, a raba ruwan da ƙwayoyin jini cikin awa uku, firij in gobe za a auna, firiza a kan -20°C in zai wuce haka, domin sakakken PSA ya fi ɗaurarren saurin lalacewa.